Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Tom Wills, kuma shi ne ya ƙirƙiro ƙwallon Ostireliya?

TAMBAYA: Na ga wani wasa a talabijin, wai ƙwallon ƙafa ne na ƙasar Ostireliya, amma 'yan wasan suna kama ƙwallon da hannu, suna naushinta, wani ma har ya taka kafaɗar ɗan'uwansa ya cafke ta a sama. An ce wani Tom Wills ne ya kafa wasan. Don Allah wane ne shi? Kuma da gaske ne daga wurin baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar ya kwaikwayo shi? Daga wani mai karatu a Gusau, Jihar Zamfara.

AMSA: A taƙaice, Tom Wills shi ne ya fara yin kira a jarida da a kafa wasan, kuma yana cikin mutum huɗun da suka zauna suka rubuta dokokinsa na farko a 1859. Amma a ce shi kaɗai ya ƙirƙiro shi, wannan an ɗora masa kayan da ba nasa ba ne shi kaɗai. Batun kwaikwayo kuwa, har gobe masana tarihin ƙasar na ja-in-ja a kai. Sai ka gyara zama, domin labarin mutumin ya fi labarin wasan nauyi.

Bari mu fara warware abin da ka gani, saboda sauran masu karatu. Filin ba mai kusurwa huɗu ba ne, kewayayye ne mai ɗan tsawo, domin asalinsa filin kurket ne, wato wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, kuma tsawonsa kan kama daga mita 135 zuwa 185. Kowane ɓangare na da mutum 18 a cikin fili. Babu raga, babu gola irin wanda muka sani. Turaku huɗu ne a kowane ƙarshe, dogaye biyu a tsakiya, gajeru biyu a gefe. Wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen ba tare da kowa ya taɓa ta ba, ya samu maki 6. In ta bi ta gefe, ko ta daki dogon turke, ko wani ya taɓa ta a hanya, maki 1 ne kacal. An yarda mutum ya ruga da ita a hannu, da sharaɗin ya buga ta da ƙasa a kowace mita 15. Ba a jefa ta, sai dai a ɗora ta a tafin hannu ɗaya a naushe ta da ɗayan. Hawa kafaɗar da ya ba ka mamaki kuwa yana da dalili: duk wanda ya cafke ƙwallon da aka bugo da ƙafa daga nisan mita 15 ko fiye, kafin ta taɓa ƙasa, an ba shi damar ya tsaya ya buga abinsa ba mai taɓa shi.

Thomas Wentworth Wills, cikakken sunansa ke nan, an haife shi ranar 19 ga Agusta 1835 a wata karkara kusa da inda birnin Canberra yake a yanzu. A wannan shekarar ce kuma Turawa suka fara kafa garin Melbourne, inda zai yi suna daga baya. Ka tuna cewa tun 1788 Birtaniya ta mai da Ostireliya wurin jibge fursunoni. Kakan Tom na wajen uba, Edward Wills, fashi ya yi a kan hanya a Ingila aka koro shi, ya iso Sydney a 1799. Iyalin sun yi arziki daga baya, suka kuma yi ta ɓoye wannan asali, don a wancan zamani jinin fursuna abin gori ne. Uban Tom, Horatio Wills, mutum ne mai zafin nema da dogon buri. Wajajen 1840 ya kwashi iyali da dubban tumaki ya yi kudu, ya sauka a gindin duwatsun Grampians, a yammacin yankin da ake kira Victoria a yau, ya kafa gandun kiwo mai suna Lexington.

Ƙasar da ya kama ɗin nan ba kango ba ce. Ta al'ummar Djab Wurrung ce, ɗaya daga cikin ɗaruruwan ƙabilun Aborijin. Su waɗannan mutane baƙaƙe ne, amma ba daga bayin Afirka suka fito ba kamar yadda wasu ke zato. Kakanninsu sun fi shekara 50,000 a wannan nahiya kafin Bature ya taka ta. Tom ya tashi babu wasu yaran Turawa kusa, don haka yaran Djab Wurrung su ne abokan wasansa. Ya iya harshensu, ya iya waƙoƙinsu, ya iya jifa da makaman farautarsu. Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka zaman lafiya ake yi. A shekarun nan ana kashe-kashe a kan tumaki da ruwa da ƙasa, kuma sunan Horatio kansa ya fito a rubuce-rubucen jami'an mulkin mallaka cikin waɗanda ake zargi da harbe 'yan ƙasa. Yaron yana wasa da 'ya'yan mutanen da ubansa ke ƙwace wa ƙasa. Da wannan kitso ya tashi, da shi kuma ya mutu.

A 1850, yana ɗan shekara 14, uban ya sa shi a jirgin ruwa shi kaɗai zuwa Ingila, tafiyar watanni. Manufar ita ce ya yi makarantar Rugby, ɗaya daga cikin makarantun 'ya'yan manya, daga nan ya wuce jami'ar Cambridge ya dawo lauya. A aji Tom bai tsinana wani abin kirki ba. A fili kuwa sai wanda ya gani. Ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta makarantar, ya yi suna wajen gudu, ya kuma shiga ƙwallon da ɗaliban ke yi, wanda daga gare shi ne wasan zari-ruga na yau ya samo asali. Wannan ƙwallo na Rugby a lokacin kusan dambe ne: yara da yawa su cure wuri ɗaya suna ture-ture, kuma doka ta yarda ka shuri ƙwaurin abokin karawarka. Karatun Cambridge bai yiwu ba, amma a 1856 Tom ya buga wa jami'ar wasan kurket da Oxford ba tare da ya zama ɗalibinta ba. An ga amfaninsa sai aka kau da kai. Ya buga wa ƙungiyar yankin Kent da shahararriyar ƙungiyar Marylebone ta Landan. A can ne kuma ya koyi shan giya, wadda ita da kurket a wancan zamani ba sa rabuwa.

Ya sauka Melbourne a Disamban 1856, ya tarar da garin ya zama wani abu daban. An gano zinariya a 1851, mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina, har yawan jama'ar Victoria ya tashi daga kimanin 77,000 a 1851 zuwa kimanin 540,000 a 1861. Ga kuɗi, ga samari, ga manyan filaye. A shekarar da ya dawo ɗin ma magina a Melbourne suka ci nasarar rage aiki zuwa awa 8 a rana. Gari irin wannan abin kallo yake nema. An sa Tom koyon aikin lauya a wani ofishi, bai zauna ba. Aka ba shi sakataren ƙungiyar kurket ta Melbourne, ya bar takardu a hargitse. Amma a Janairun 1858 ya jagoranci Victoria ta doke maƙwabciyarta New South Wales a kurket karo na farko, kuma daga ranar babu wani ɗan wasa a ƙasar da sunansa ya kai nasa.

To, ga inda ƙwallo ta shigo. Kurket wasan lokacin zafi ne, kuma da yake Ostireliya tana kudancin duniya, lokacin da mu muke cikin damina, watannin Yuni zuwa Agusta, su hunturu suke ciki. 'Yan kurket sai su zauna wata da watanni ba motsa jiki, su yi teɓa. Ranar 10 ga Yuli 1858 jaridar wasanni ta Bell's Life in Victoria ta buga wata wasiƙa daga Tom, inda ya ba da shawarar a kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, a naɗa kwamiti ya tsara mata dokoki, don jikin 'yan kurket ya zauna daidai. Har ya ƙara da cewa in hakan bai samu ba, to a kafa ƙungiyar koyon harbi da bindiga. Ka ga ke nan ba wani gagarumin shiri ne a ransa ba. Abin da zai cike gurbin hunturu kawai yake nema.

Wata guda bayan haka, ranar 7 ga Agusta 1858, makarantu biyu, Melbourne Grammar da Scotch College, suka kara a wani fili kusa da filin kurket na Melbourne. Mutum 40 a kowane ɓangare, malamai da ɗalibai a gauraye, turakun suna da nisan gaske, ga itatuwa tsaye a tsakiyar fili ana kewaya su. Tom na ɗaya daga cikin alƙalan wasan biyu, ɗayan kuma wani likita ne malamin kimiyya, John Macadam. Duhu ya yi ba a gama ba, aka sake dawowa har sau biyu a wasu ranakun Asabar, daga ƙarshe aka tashi 1 da 1. Mutum-mutumin Tom da aka kafa a 2001 a ƙofar babban filin Melbourne wannan rana yake tunawa: yana tsaye yana alƙalanci, yara biyu na kokawar ƙwallo a gabansa.

Ainihin aikin an yi shi ne a shekara mai zuwa. Ranar 14 ga Mayu 1859 aka kafa ƙungiyar ƙwallo ta Melbourne, ranar 17 ga wata kuma mutum huɗu suka haɗu a otal ɗin Parade, wanda wani ɗan kurket, Jerry Bryant, ke gudanarwa. Ban da Tom akwai William Hammersley da J. B. Thompson, 'yan jarida biyu da suka yi Cambridge, sai Thomas Smith, malamin makaranta ɗan Ailan. Kowa ya zo da irin ƙwallon da ya sani a gida. An ruwaito cewa Tom ya so a ɗauki na Rugby, sauran suka ga ya cika rikitarwa. Akwai kuma dalilai na zahiri. Ƙasar Melbourne ta fi ta Ingila tauri, faɗuwa a kanta ba wasa ba ne. Masu bugawar kuma ba yaran makaranta ba ne, magidanta ne da akawuna waɗanda dole ranar Litinin su fita aiki da ƙafafunsu lafiya. Sai suka fitar da dokoki 10 masu sauƙi. Aka hana shurin ƙwauri. Aka hana jefa ƙwallo da hannu, aka hana ɗaukarta daga ƙasa. Aka yarda wanda ya cafke ta kai tsaye daga ƙafar wani ya samu bugu ba takura. Abin da ya fi komai tasiri shi ne wanda ba su rubuta ba: babu dokar satar gida. Shi ya sa har yau kake ganin 'yan wasan a warwatse ko'ina a fili, ƙwallo na tashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ga masu cika baki da tsufan ƙungiyoyinsu a gidajen kallo, ga abin lura. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila sai 1863 aka kafa ta, shekara huɗu bayan dokokin Melbourne. Ƙungiyar Melbourne da ta Geelong, wadda aka kafa a Yulin 1859, duk suna nan suna buga babbar gasa har yau, kuma sun girmi Manchester United ta 1878, da Arsenal ta 1886, da Liverpool ta 1892.

A cikin fili Tom ya yi wa Melbourne wasa, ya yi wa Richmond, amma ya fi daɗewa a Geelong, inda iyalinsa suka koma. Dogon bugu gare shi, ga jiki, ga wayo. Ana danganta masa dabarar jera 'yan wasa tun daga baya har gaba, kowa da gurbinsa, a lokacin da kowa ke bin ƙwallo duuu inda ta nufa. Mutum ne kuma mai son lanƙwasa doka har inda za ta karye, abin da ya sa 'yan kallo ke son sa, shugabanni kuma ke jin haushinsa. Shi ne ya jawo ɗan'uwansa H. C. A. Harrison cikin wasan. Harrison ya auri ƙanwar Tom, Emily, ya jagoranci gyaran dokoki na 1866, wanda a cikinsa aka tabbatar da dokar buga ƙwallo da ƙasa yayin gudu. Shi mutum ne natsattse, ya rayu har 1929, don haka shekaru da dama shi ake kira uban wasan, an manta da Tom.

Yanzu mun zo inda labarin ya yi duhu. Horatio bai gaji da neman ƙasa ba. Ya samu wani makeken fili a Queensland, can arewa, mai suna Cullin-la-ringo, kusa da garin Springsure na yanzu, ya kuma matsa wa Tom ya bar wasa ya bi shi. A farkon 1861 suka tashi, suka yi kimanin wata takwas daga garin Brisbane suna kora tumaki fiye da 10,000, tare da ma'aikata da matansu da 'ya'yansu. Sun isa a farkon Oktoba. Ba su daɗe da sauka ba, ranar 17 ga Oktoba 1861, da rana tsaka ana hutawa, mutanen ƙabilar Gayiri suka auka wa zangon suka kashe mutum 19, har da Horatio da mata da ƙananan yara. A tarihin Ostireliya babu wani hari da 'yan ƙasa suka kashe Turawa masu yawan haka a lokaci ɗaya. Tom ya tsira ne don uban ya aike shi da wasu mutum biyu su ɗauko kayan da aka bari a baya. Da ya dawo sai kaburbura ya tarar. Masana da yawa na ganin harin ramuwa ce, domin kafin zuwansu wani maƙwabci, Jesse Gregson, ya harbe wasu 'yan ƙabilar bisa zargin satar tumaki. Ƙanin Tom, Cedric, ya ce shi ma Tom daga baya a kan Gregson yake ɗora laifin.

Abin da ya biyo baya ya fi muni nesa ba kusa ba. Turawan yankin da rundunar 'yan sandan da aka ɗebo daga ƙabilu na nesa, ƙarƙashin hafsoshi Turawa, suka bazama suna kashe duk wanda suka samu, mai laifi da marar laifi. Wasu masana na kai adadin waɗanda aka kashe zuwa kimanin 370. Ina hannun Tom a ciki? Akwai wasiƙar da ya rubuta wa Harrison cikin zafin rai, yana neman a turo masa mazaje waɗanda za su harbe duk baƙin da suka gani. Wannan tabbas ne. A 2021 kuma wani mai bincike ya tono wani rubutu da aka buga a jaridar Chicago Tribune a 1895, ba da cikakken sunan marubuci ba, wanda ya sa a bakin Tom cewa da shi aka yi ramuwar. Wasu masana sun ɗauke shi da muhimmanci, wasu sun nuna kurakuran da ke cikinsa suka ce ba abin dogaro ba ne. Ni dai a nawa ganin, wanda ya rubuta waccan wasiƙa ba za a yi saurin wanke shi ba, ko da kotun tarihi ba ta kama shi dumu-dumu ba.

Tom ya zauna a gandun sama da shekara biyu, barci ba ya samuwa sai da bindiga a kusa, shan giya kuma ya ƙaru. Masu kula da dukiyar marigayi ubansa suka ga ba ya iya riƙon wurin, suka sallame shi, ya koma Victoria a 1864. Sai kuma ga abin da har yau ake kasa fassarawa. A 1866, shekara biyar kacal da kashe ubansa, Tom ya tafi yankin Edenhope a yammacin Victoria ya karɓi aikin horar da wata ƙungiyar kurket ta Aborijin zalla, ma'aikatan gandayen tumaki. Ba su da wata alaƙa da mutanen Gayiri, harshensu kuma ya yi kusa da wanda ya koya yana yaro, don haka da shi yake ba su umarni a fili, abokan karawa na ji ba sa ganewa. Ranar 26 ga Disamba 1866 ya shigo da su babban filin Melbourne a matsayin kyaftin, gaban mutum 8,000 zuwa 10,000. An cinye su, amma su jama'a suka yi wa tafi. Ya yi yawo da su gari-gari, yana ci tare da su, yana sauka inda suka sauka, abin da Turawa da yawa suka ɗauka zubar da girma ne. Wasu sun ce tausayi ne, wasu sun ce kuɗi yake nema don a lokacin aljihunsa ya bushe. Mai yiwuwa duka biyun ne.

Tafiyar ta watse bayan wani ɗan damfara da ya yi alkawarin kai su Ingila ya bar su a Sydney ba ko sisi. Wani ɗan kurket Bature, Charles Lawrence, ya karɓe ƙungiyar, shi ne kuma ya kai ta Ingila a 1868, ba da Tom ba. Sun buga wasa 47, suka ci 14, aka cinye su 14, aka yi kunnen doki a 19. Gwaninsu shi ne Unaarrimin, wanda aka fi sani da Johnny Mullagh. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira King Cole, ya rasu a Landan. Su ne ƙungiyar kurket ta farko daga Ostireliya da ta je Ingila, shekara 10 kafin ta Turawan ƙasar.

Daga nan tauraron Tom ya fara dusashewa. A al'adar Ingilishi ta lokacin, ɗan babban gida don nishaɗi yake wasa. Wanda ke karɓar kuɗi kuwa ɗan ƙwadago ne, ko ƙofar shiga fili ba ɗaya ba ce. Tom ya koma karɓar kuɗi, danginsa suka ji kunya. Matar da yake zaune da ita, Sarah Barbor, 'yar Ailan, uwarsa ba ta taɓa karɓarta ba. Bashi ya yi masa katutu. Sai kuma zargin maguɗi. A kurket ana wurga ƙwallo ne da miƙaƙƙen hannu, ba a yarda mutum ya lanƙwasa gwiwar hannu ya sake ta ba irin yadda yaro ke jifan mangwaro. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai Tom ya riƙa satar wannan lanƙwasa don ƙwallonsa ta yi sauri. A 1872 alƙali ya kama shi a wasan Victoria da New South Wales, ya zama mutum na farko da aka hukunta kan wannan laifi a babban wasa a Ostireliya. Tsohon abokinsa Hammersley, wanda suka rubuta dokoki tare, shi ne ya fi kowa caccakarsa a jarida. Tom ya ci gaba da buga ƙwallo a Geelong har cikin shekarun 1870, babban wasansa na kurket na ƙarshe kuma a 1876 ne.

Ƙarshensa ba daɗin ji. Ya koma Heidelberg, a bayan garin Melbourne, ba kuɗi ba aiki. A ƙarshen Afrilun 1880 ya daina shan giya farat ɗaya, abin da ke jefa wanda ta riga ta kama jikinsa cikin rawar jiki da gane-gane. Aka kai shi asibitin Melbourne, ya sulale ya koma gida, washegari ranar 2 ga Mayu 1880 ya kashe kansa. Shekararsa 44. Mutane ƙalilan ne suka raka gawarsa, kabarin kuma ya shekara 100 ba ko alama, sai a 1980 ƙungiyar kurket ta Melbourne ta kafa masa dutse. Greg de Moore, likitan ƙwaƙwalwa wanda ya wallafa tarihinsa a 2008 bayan ya tono takardun asibitin da wasiƙun iyalin, yana ganin abin da ya faru a Queensland bai taɓa sakin Tom ba.

Saura tambayarka ta biyu. Gaskiya ne ƙabilun Aborijin na Victoria suna da wani wasa da aka fi sani da marngrook. Wani jami'in mulkin mallaka, William Thomas, ya bayyana wanda ya gani a 1841: ƙwallo ce ta fatar wata 'yar dabba mai hawan bishiya da ake kira fosum, a sake ta daga hannu a buga ta sama da ƙafa, jama'a su yi tsalle, wanda ya cafke shi zai sake bugawa. Duk wanda ya karanta wannan ya kuma kalli wasan yau dole gabansa ya faɗi. Tun shekarun 1980 wasu marubuta, irin su Jim Poulter da Martin Flanagan, suke cewa ba yadda za a yi yaron da ya tashi cikin Djab Wurrung ya rasa sanin wannan wasa. Daga baya masaniyar tarihi Jenny Hocking ta samo bayanin wani ɗan ƙasa, Johnny Connolly, da ke nuna ana yin wasan a yankin Grampians ɗin da Tom ya tashi.

Masu musu, irin su Gillian Hibbins, su ma ba da hannu wofi suka zo ba. Cikin tarin wasiƙun Tom da rubuce-rubucensa a jaridu babu inda ya ambaci marngrook, kuma de Moore da ya fi kowa bin takardunsa bai samu ba. Dokar cafka tana cikin ƙwallon Rugby, tana ma cikin dokokin Ingila na 1863 kafin a cire ta. Tsallen sama da ya zama tambarin wasan a yau bai yaɗu ba sai bayan shekaru da rubuta dokokin farko; wasan 1859 a ƙasa ake yin sa, cikin ture-ture. Ɗaya ɓangaren kan amsa da cewa Baturen 1859 ko ya ara daga baƙar fata ba zai faɗa ba. Wannan magana ce mai ma'ana, amma ba hujja ba ce. Hukuncina shi ne: ƙashin bayan wasan daga makarantun Ingila ya zo, aka sassaƙa shi ya dace da ƙasar Melbourne da mutanenta. Zai yi wuya a ce Tom bai taɓa ganin marngrook ba, amma babu wata shaida a rubuce cewa daga can ya ɗauko dokokin. Wanda ya ce maka tabbas ne, ko ta wane ɓangare, ya faɗi abin da ya fi saninsa.

Abin da ba a musu a kai shi ne yadda Aborijin suka rungumi wasan daga baya. Ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, amma kasonsu ya fi haka sosai a cikin 'yan babbar gasar, wadda aka fara a 1897 ta kuma koma ta ƙasa baki ɗaya da sunan AFL a 1990. Hakan bai hana a ci musu mutunci ba. Adam Goodes, wanda ya lashe kyautar gwarzon gasar a 2003 da 2006, ihun 'yan kallo ne ya raka shi har ya yi ritaya a 2015, sai a 2019 hukumar ta nemi gafararsa. Shi kuwa Tom, an sa shi cikin rukunin farko na gwarazan wasan da aka karrama a 1996.

In kana son ganin wasan a ganiyarsa, Malam, kakar tana farawa a Maris, wasan ƙarshe kuma bisa al'ada ana yin sa ne ranar Asabar ta ƙarshen Satumba a babban filin Melbourne, gaban mutum kusan 100,000. Sukan fara da ƙarfe 2:30 na rana agogonsu, wato 5:30 na asuba agogon Najeriya da Nijar, don haka sai ka yi sallah ka kunna.